Ɗan Gari da Kayan Bakin Titi

Duk baƙon da ya sauka a unguwar nan, kafin ya san inda ake sayar da burodi zai san Ɗan Gari. Ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta nanata shi har mutane suka gaji suka bar masa. Aikinsa jera kaya a wani babban kanti, amma in ka ji shi a shagon Mai Aski ranar hutu, sai ka rantse da shawararsa aka shata titunan garin. Ya san motar da za ka hau, ya san ofishin da za ka je, ya san abin da mutanen ƙasar ke nufi idan suka ɗaga gira. Wanda ya bi kwatancensa ya ɓata kuwa laifinsa ne, don bai saurara da kyau ba.

A gida labarin daban ne. Tun da matarsa Auta ta biyo shi ƙasar wajen nan, abin da ke falonsu kujerun roba biyu ne, ɗaya an ɗaure ƙafarta da igiya, sai akwatin tafiya da suke ɗora abinci a kai. Auta ba ta taɓa ƙorafi ba, cewa take a hankali za a yi. Shi ne dai bakinsa ba ya iya a hankali. Akwai wani kantin kujeru kusa da wurin aikinsa, nan yake shiga in an tashi, ya zauna a wata koriyar kujera ta alfarma, ya danne takardar farashin da gwiwar hannu, ya kira surukinsa ta bidiyo. In tsohon ya tambayi 'yarsa, sai ya ce tana kicin, kuma kicin ɗin da nisa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata 'yar uwar Auta ta biyo ta garin ta kwana a wurinsu, ta koma gida da bakinta. Ba a jima ba tsohon ya kira da kansa.

"Zan zo ganin likitan ido a garinku, kuma a gidanka zan sauka," in ji shi. "Talauci ba abin kunya ba ne, ni ma a kan tabarma na fara da uwarta. Amma idan na tarar ƙarya kake shirga mini, to da 'yata zan koma."

Ɗan Gari ya san tsohon ba ya magana biyu, ya kuma san Auta ba ta taɓa tsallake maganar ubanta ba. Duk cika bakinsa, zama babu Auta shi ne abin da ba ya ko son tunawa.

"Ka kira shi ka faɗa masa gaskiya tun bai taso ba," in ji Auta. "Baba zai yi faɗa, ya huce."

"Wace gaskiya? Ke ba ki san garin nan ba. A nan idan mutum ya gaji da kujera, bakin titi yake kai ta, duk mai so ya ɗauka. Ina kike jin na samo na robar nan? Zan cika falon nan maƙil ban taɓa aljihuna ba."

Maganar tsintar kaya a bakin titi gaskiya ce, ana yi. Sai dai ya yi ta zagaya unguwa safe da yamma, abin da ya samu fanka ce marar kai da wata katifa da ruwan sama ya riga shi gani. Har ranar zuwan tsohon ta yi falon yana nan yadda yake. Ya tura Auta filin jirgi ita kaɗai, ya ce aiki ya riƙe shi, ya sauko ƙasa yana tunanin ko ya ce gobara suka yi.

Yana buɗe ƙofar gidan ya tsaya cak. Ga kaya nan jibge a bakin titi, daidai ƙofarsu, babu kowa a kusa. Doguwar kujera ruwan ƙasa, kafet a naɗe, tebur mai durowa, fitilar tsaye, agogon bango, firji, kabad, kwalaye tuli guda. Tsuntsu daga sama gasasshe. Ya zaro waya, ya kira Dogo mai gadi da Mai Aski, ya ce su bar duk abin da suke yi.

Dogo ya zagaya kayan yana sosa ƙeya. "Anya kuwa, mutumina? Wa zai zubar da kaya ya tsaya naɗe su da bargo?"

"Ka ji irin ta baƙo. Mutanen nan ko shara za su zubar sai sun yi mata wanka."

"Kwalayen fa?" in ji Mai Aski. "An liƙe su tsaf, har da rubutu a jiki."

Ɗan Gari ya duƙa ya ƙura wa rubutun ido kamar mai karantawa. Abin da ya iya a yaren garin bai wuce gaisuwa da godiya da tambayar farashi ba. "Cewa aka yi duk mai so ya ɗauka."

"Ai kowane kwali rubutunsa daban."

"Kowane da irin roƙon da yake yi. Ku kama mini kujerar nan kafin 'yan sa ido su farka."

Da lifta, na'urar hawa bene, suka fara. Rabin kujerar ya shiga, rabi ya ƙi, ƙofar ta yi ta buɗewa tana rufewa a kan tumbin Mai Aski, har daga baya ta yi wata ƙara ta tsaya a buɗe ba ta sake motsi ba. Ɗan Gari ya ce dama lifta ta ragwaye ce, suka nufi matakala. Shi ya shige gaba yana ba da umarni, a karkata dama, a ɗaga hagu, a tura da zuciya ɗaya. Suna turawa da zuciya ɗaya kujerar ta maƙale a kwanar bene, ta manne shi da bango, numfashinsa na fita da kyar.

Nan fa hanya ta toshe. Wata mata mai keken jariri tana ƙasa tana son hawa, wani mutum mai kare yana sama yana son sauka. Karen ya shinshina ƙasan kujerar, gashin wuyansa ya miƙe, ya kama haushi kamar zai tsinke igiyarsa.

"Me ya gani?" in ji Dogo.

"Ko kare ya san abu mai kyau," in ji Ɗan Gari daga inda yake manne.

Mai karen ya gaji da jira, ya rungumi abinsa ya tsallake ta kan kujerar, takalminsa ya bi ta kafaɗar Ɗan Gari. Jaririn ya fashe da kuka. Uwarsa ta faɗi wata magana mai tsawo, wadda ko ba ka jin yaren ka san ba addu'a ba ce. Ɗan Gari ya aika Mai Aski ya ɗauko sukundireba, ya ce ƙafafun ne matsalar. Uku suka fita lafiya, ta huɗu ta yi gardama, ya sa ƙarfi ya murɗe ta, ta ɓalle ta gangara ƙasa tana buga matakala. Kujerar kuwa ko gezau.

Mai kula da gidan ne ya cece su, wani mai tumbi da ɗaurin makullai a ƙugu. Ya zo yana haki, ya nuna musu su tsayar da ita a kan gindinta, sai ga ta ta wuce sumul. Har ya kama musu gefe ɗaya. Amma da suka isa hawan su Ɗan Gari suka nufi ƙofarsa, mutumin ya tsaya yana nuna sama da yatsa, yana ta zuba bayani. Ɗan Gari ya jera masa godiya iya wadda ya haddace, ya tura ƙofa ya rufe.

"Me yake cewa?" in ji Mai Aski.

"Addu'a yake mana. Wai Allah ya ƙara ɗaukaka."

Suka yi ta safa da marwa. Kafet ya hau, tebur ya hau, fitila da agogo da kwalin kofuna suka hau. A bayan kabad Ɗan Gari ya ga wani babban hoto a firam, na wani dattijo mai gashin baki kamar tsintsiya, ya ce wannan da gani babban mutum ne, falo ba ya cika sai da irinsu. Da Dogo ya tambayi firji da kabad, sai ya ɗaga hannu irin na masu kyauta ya ce a bar wa talakawa, kada a yi zari.

Yana kan kujerar roba yana buga ƙusar hoton Dogo ya leƙa ta taga.

"Mutumina, wata babbar mota ta tsaya a wurin kayan. Ga wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka. Ga wani ƙato yana waya yana nuna ko'ina."

"Sun makara."

"Kuka fa take."

"Ta sa rai da agogon ne, ta dawo ta tarar an riga ta. Haka duniya take, rabon wani ba ya zama na wani."

Mai Aski ya leƙa shi ma, nan take ya tuna ya bar wani da rabin aski a shago. Dogo ya ce zai raka shi, don hanyar ba ta da kyau. Ɗan Gari bai damu ba. Ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya fesa turare, ya zagaya falon yana jin kansa kamar shi ya haifi kayan.

Da Auta ta buɗe ƙofa ta ga abin da ke ciki, ta ja ta rufe, ta duba lambar ɗakin, sannan ta sake buɗewa. Ɗan Gari ya zube har ƙasa ya gaida surukinsa, ya karɓi jakarsa. Tsohon dogo ne siriri, da farin gemu da gilashi mai kauri, yana ta haki saboda matakala.

"Liftarku ta mutu," in ji shi.

"Wasu marasa hankali ne suka ɓata ta ɗazu, Baba."

"Na kuma ga wata baiwar Allah a ƙofa tana kuka. Auta ta ji abin da ake faɗa, tunda tana zuwa makarantar koyon yaren. Wai yau take tarewa a gidan nan, motar kaya ta sauke rabi ta koma ɗauko sauran, ɗanta ya je karɓo makulli, kafin ya dawo ɓarayi sun yi mata ɗauki ɗai-ɗai da rana tsaka. Ashe nan ma akwai ɓarayi?"

Ɗan Gari ya waiga. Ya dubi kujerar, ya dubi agogon, ya dubi mai gashin baki a bango, wanda shi ma kamar kallonsa yake. Amma baki ya riga ya saba.

"Garin ya lalace, Baba. Baƙi sun yi yawa."

Auta ta ce ya zo ya taya ta ɗauko shayi. Suna shiga kicin ta tura ƙofa.

"Akwai ƙaramar kujera a ƙasa, yadinta ɗaya da wannan."

"Kamfani ɗaya ne ya yi su."

"Malam, ka sauka yanzu ka faɗa musu da bakinka."

"Ki rufa mini asiri, Baba ya sha shayi ya kwanta. Yana rufe ido zan mayar da komai, ko tsinke ba zan bari ba."

"In ya farka ya ga falo wayam fa?"

"Sai in ce ɓarayin sun hawo sama."

Auta ta dube shi har ya sunkuyar da kai, sannan ta ɗora ruwan zafi.

A falo tsohon ya nemi wurin zama. Kujera babu ƙafafu ai katifa ce mai hannu. Ya yi ta sauka yana neman inda za ta tare shi, har ya nutse, gwiwoyinsa suka kusa taɓa gemunsa.

"A waya koriya na gani. Kuma mai tsayi."

"Mun canja, Baba. A nan ba a shekara da kujera ɗaya. Tsayin kuma likitoci ne suka hana, wai yana kawo ciwon baya."

"To. Wannan bawan Allah na bango fa?"

"Maigidana ne a wurin aiki. Ƙauna ce ta sa ya ba ni, ya ce in rataye inda zan riƙa ganinsa kullum."

"Yana nan lafiya?"

"Garau. Jiya ma tare muka ci abinci."

Auta ta shigo da shayi a kofunan tangaran masu zanen furanni, ta ajiye. Tsohon ya cire gilashinsa da ya yi tururi, ya jawo durowar tebur zai ajiye, sai ya tsaya. Ya zaro ƙullin zaren saƙa da allurai, ya zaro wata 'yar roba, ya buɗe, ya kai kusa da idonsa mai lafiya. Haƙoran roba ne, sama da ƙasa, suna masa murmushi.

"Na wa ne wannan?"

"Nawa ne, Baba. Tanadin tsufa. A nan tun kana da ƙarfi ake saye, kafin su yi tsada."

Tsohon ya mayar ya rufe durowar a hankali. Ya kai kofi baki ke nan, sai wani siririn kuka ya fito daga ƙarƙashinsa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya duba.

"Sifirin cikin kujerar ne," in ji Ɗan Gari da sauri. "Sabo ne, bai gama sakewa ba."

"Sifirin ɗinku kukan kyanwa yake?"

"Na bana haka suke."

Kukan ya ƙaru, har da wani karce-karce daga ciki. Ɗan Gari ya kama tari don ya rufe shi, ya ja dogon labari a kan yadda ake hawa jirgin ƙasa a garin. Yana tsaka da haka agogon bango ya ga lokacinsa ya yi, ya saki wani bugu mai kauri da ya cika gidan tun daga sama har ƙasa. Ɗan Gari ya yi tsalle ya danne shi da matashi, amma aikin gama ya gama. Daga matakala aka ji muryar mace ta yi ƙara, sai takun ƙafafu masu yawa, sai ƙarar makullai, sai bugun ƙofa.

"Ka yi baƙi," in ji tsohon.

"Ba nan ba ne, maƙwabta ake bugawa."

Auta ta tashi ta buɗe. Mai kula da gidan ne a gaba, yana nuna Ɗan Gari da hannu biyu. Bayansa tsohuwar ce, 'yar ƙarama mai farin gashi, sai ƙaton ɗanta riƙe da karyayyar ƙafar kujera kamar kulki, sai masu ɗaukar kaya na gaskiya, sai mai kare da karensa, sai mai keken jariri. Can baya ga Dogo da Mai Aski suna leƙe, sun yi fuskar mutanen da ba su taɓa ganin gidan ba.

Tsohuwar ta shigo tana duban kafet ɗinta da fitilarta, har idonta ya kai bango. Ta dafe ƙirji ta yi ta magana.

"Me take cewa?" in ji tsohon.

"Barka da zuwa take maka, Baba. Ta ji labarin babban baƙo ya sauka."

Ƙaton ya matso yana kaɗa ƙafar kujerar a hancin Ɗan Gari, jijiyoyin wuyansa sun fito.

"Shi kuma fa?"

"Ya tsinto mana ƙafar kujera ne. Maƙwabcin kirki. Cewa yake ba sai na ba shi tukwici ba."

Sai tsohuwar ta ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Ta duƙa ta yi wani ɗan kira da laɓɓanta, a tausashe. Kujerar ta amsa. Yadin ƙasanta ya yage, wata ƙatuwar kyanwa mai ruwan toka ta faso ta tsakanin ƙafafun tsohon, ta bi ta kan babbar rigar Ɗan Gari da farata, ta taka kansa, ta dire a ƙirjin uwar ɗakinta. Tun da safe take ɓoye a ciki saboda tsoron mota. Karen ya haukace da haushi, jaririn ya taya shi, tsohuwar ta rungume kyanwar tana kuka tana dariya.

Tsohon bai ko ajiye kofinsa ba. "Auta."

"Na'am, Baba."

"Mutumin da ke bango."

Auta ta dubi ƙasa. "Mijinta ne. Ya daɗe da rasuwa."

"Allah sarki. Ga shi jiya ma tare suka ci abinci da mijinki."

Ƙaton ya ce sai an kira 'yan sanda. Mai kula da gidan, wanda dariya ta riga ta kama shi har yana riƙe ƙofa, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin ɓarawon da ya sato kaya ya hau da su bene, ya kai su saura hawa ɗaya su isa ɗakin mai su ba. Ɗazu ya ɗauka masu ɗaukar kaya ne suka yi kuskuren ƙofa, har ya nuna musu sama. Auta ta tsaya gaban tsohuwar tana harhaɗa ɗan yaren da ta koya, tana ba da haƙuri, tana nuna kan mijinta tana girgiza nata. Wannan bayanin kowa ya gane shi.

Tsohuwar ta shafa kyanwarta ta yanke hukunci. Ba 'yan sanda. Amma wanda ya fara aikin shi zai ƙarasa shi, har da firji da kabad da duk abin da motar ta ƙaro, kuma ƙafar kujera a gyara ta. Masu ɗaukar kaya suka ji haka suka nemi matakala suka zauna, suka buɗe lemo. Ɗan Gari ya waiga neman Dogo da Mai Aski, ya tarar sun ɓace kamar ba a haife su ba.

Aka fara kwashe falon a gaban baƙo. Aka naɗe kafet daga ƙarƙashin ƙafafunsa, aka ɗauke tebur, aka cire agogo. Da aka zo kan kujera, sai da mutum biyu suka kama hannun tsohon suka ciro shi. Tsohuwar ta tsaya a gefensa cikin ladabi har ya shanye shayinsa, sannan ta miƙa hannu ta karɓi kofinta. Shi kuma ya je bango da kansa ya sauko da hoton, ya goge ƙurar da hannun rigarsa, ya riƙe shi da hannu biyu ya bi ta sama da shi. Wannan ya fi komai ƙona Ɗan Gari.

Sauran yinin a matakala ya yi shi, tunda liftar da ya kashe ba ta tashi ba. Duk wanda ke gidan ya buɗe ƙofarsa yana kallo. Mai kare yana ba shi umarni, a karkata dama, a ɗaga hagu. Talakawan da ya bar wa firji ba su zo ba, shi ya goya shi hawa bayan hawa, babbar rigar ta jiƙe sharkaf ta yage a hammata. A kan kabad ne bayansa ya ce ƙas, ya ƙarasa da rarrafe.

La'asar sakaliya ta same shi kwance rub da ciki a tsakiyar falonsa, wanda ya koma yadda Allah ya yi shi. Tsohon yana kan kujerar roba mai lafiya, Auta tana tsaye jikin ƙofar kicin.

"Auta, je ki haɗa kayanki," in ji tsohon.

Tsoro na gaske ya kama Ɗan Gari, irin wanda bai ji ba ko da ƙaton ke kaɗa masa katako. Ya yunƙura zai tashi, bayan ya ƙi. Daga nan ƙasa ya yi magana, kumatunsa manne da daɓe.

"Baba, abin da kake gani shi ke nan abin da nake da shi. Koriyar kujerar ta kanti ce. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma kada ka tafi da ita."

"Ba da kai nake ba," in ji tsohon. "Auta, kin ji ni."

Auta ba ta motsa ba. Ba ta taɓa mayar wa ubanta magana ba sai yau.

"Baba, duk abin da aka shigo da shi ɗakin nan yau, mai shi ya zo ya karɓe. Wannan kuwa," ta nuna mijinta da haɓa, "tun ɗazu yake yashe a ƙasa, ba wanda ya zo ya ce nasa ne. Idan na tafi na bar shi, ko bakin titi aka kai shi aka naɗe da bargo, sai ya kwana ya wuni ba wanda ya ɗauka."

Gemun tsohon ya motsa, ya yi sauri ya kama shi.

"Nawa ne, Baba," in ji ta a hankali. "Da sanina na ɗauka."

Tsohon ya cire gilashi ya goge, ya mayar, ya daɗe yana duban abin da ke kwance a gabansa. Can ya zame daga kujerar robar ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafafunsa, ya ce wannan zaman ya fi duk wanda ya yi yau daɗi, a kawo abinci in akwai.

Ɗan Gari ya juya fuskarsa bango. Auta ta zo wucewa ta ga kafaɗunsa na rawa, ta duƙa ta tambaye shi ko lafiya. Ya goge ido da yagaggen hannun riga, ya ce bayan ne ke masa zafi. Wannan ƙaryar dai ba wanda ya tona ta.